Agadas: Zamanin Masu Yawon Buɗe Ido da Abin da Ya Biyo Bayansa

A irin wannan lokaci na bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, an saba a waiwayi tarihin ɗaya daga cikin hanyoyin da muke neman abinci a kansu. Bana mun ɗauki ta arewa, wadda ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Tanut ta faɗa Agadas. A shekara arba'in ɗin nan da suka wuce, kasuwar garin nan ta cika ta watse ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma masana zamantakewar al'umma sun zauna a cikinsa sun rubuta abin da suka gani dalla-dalla. Yawancin rubutun da Faransanci da Jamusanci da Ingilishi aka yi shi, ba ya zuwa hannun ɗan kasuwa. Amma da mu ake maganar. Sunanmu na ciki, har da wuraren da ba a yabe mu ba.

Agadas ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, don da Hausa ake ciniki a kasuwarsa, da ita ake hira a tsofaffin unguwanninsa. Wani Bajamushe mai suna Gerd Spittler ya zauna da Abzinawan Kel Ewey na Timiya, ya bi ayarinsu, ya bayyana yadda shekararsu ke juyawa. Da kaka raƙuma su tsallaka Tenere zuwa Bilma da gero, su ɗauko gishiri da dabino. Daga nan su gangaro ƙasar Hausa, su yi watanni suna kiwo a gonakin da aka girbe, su sayar da kantu su sayi hatsi da tufafi, sannan su koma gida kafin damina. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Turawa suka riƙa ɗaukar hotonsa suna cewa ga mutanen Sahara, ai ɗan Kura ne. A ƙasar Kano aka rina shi, a can aka buge shi.

Fari ne ya karya wannan tsari, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985. Dabbobi suka ƙare, manyan motoci suka ƙwace wa raƙumi mafi yawan kayansa, samari suka tafi Aljeriya da Libiya neman aiki. Har suna aka sa musu, ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Yuraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 ya kawo kwalta da albashi, amma tun farkon shekarun 1980 farashinsa ya faɗi, gwamnati ta shiga neman bashi da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. A cikin wannan hali ne masu yawon buɗe ido suka zama abin dogaro.

Dattawanmu ba su manta da rukunin farko ba. Samarin Turawa ne da ke sayen tsohuwar Fijo 504 a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Tamanrasat da Assamaka da Arlit, su sayar da ita a Agadas ko a garuruwan kudu, su hau jirgi su koma da kuɗin. Rabi yawo, rabi fatauci. Da yawa cikin motocin nan sun ƙare a tashoshin Nijeriya suna jigilar fasinja, kuma dillalanmu ne suka tsallakar da su. Sai ga tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda tun karonsa na farko, a farkon 1979, ya ratsa ta Agadas. Talabijin ya nuna wa Faransa tuddan yashin Tenere da duwatsun Abzin da hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsayin mita 27. Wani ɗan ƙasar, Mano Dayak, ya buɗe kamfanin kai baƙi daji mai suna Temet, wasu suka bi sahunsa.

Baƙin ba su da yawa. A shekara mai kyau ƴan dubbai ne, kuma lokacin sanyi kawai suke zuwa, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Amma kuɗinsu na da rassa. Marko Scholze, wani Bajamushen da ya yi bincike a Agadas da Timiya ya fitar da littafi a 2009, ya lura da abin da ya bambanta garin da wurare da dama a Afirka: a nan ƴan ƙasa ne ke da kamfanonin, su ne direbobi, su ne jagorori, su ne masu dafa abinci. Wanda ya taso yana bin raƙumi ya san rijiya, ya san tauraro, sai ilimin ya zama jari. Maƙera, waɗanda da can ke ƙarƙashin iyayen gidansu suna ƙera musu takobi da sirdi, suka koma yin sarƙa da zoben azurfa don baƙi, har wasunsu suka fi iyayen gidan nasu kuɗi, suna ɗaukar kayansu zuwa Turai da kansu. Ga kuma samarin da ke tare baƙo tun daga bakin otel da kaya a hannu, waɗanda ake kira mafarautan baƙi da Faransanci.

Mu ina muke a ciki? Muna bayan fage. Motar da za ta yi kwana goma a hamada tana buƙatar gangunan mai, da taya, da kayan gyara, da katifa da bargo da jarka, da shinkafa da taliya da shayi da sukari. Direban da ya dawo da kuɗi zai sayi atamfa da kwano, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya aurar da ƙanwarsa. Kayan nan daga Kano da Maraɗi da Damagaram suke hawa, wasu kuma su sauko daga Aljeriya. Akwai ɗan kasuwar da bai taɓa gaisawa da Bature ba, amma ya yi shekaru yana cin kuɗin Bature bai sani ba, sai ranar da suka daina zuwa.

A nan ne maganar da ba ta yi mana daɗi take. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya rubuta littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, wanda ya bayyana wa duniya cewa jarin Bahaushe na farko shi ne arzikin mutane, wato yaran da ubangida ke ba kaya bisa amana, shi ne ya koma Agadas ya fitar da wani littafin a 1999. Abin da ya gano shi ne, babban cinikin yankin yana hannun Larabawa masu hulɗa da Aljeriya da Libiya, da kuma Hausawa masu hulɗa da kudu, ayyukan ma'adinai da na ofis kuma galibi mutanen kudu ne a kai. Abzinawa sun zama ƴan kallo a kasuwar garinsu, in ban da harkar baƙi, inda su ne masu gida. Za mu iya cewa ba mu hana kowa kasa kaya ba, kuma gaskiya ne. Sai dai mun san yadda amana take tafiya a wurinmu: ɗan'uwa, ɗan unguwa, ɗan garinmu, wanda aka san gidan ubansa. Wanda ba ya cikin wannan zaren, da wuya a ɗora masa kaya bashi. Ba da mugun nufi aka yi ba, amma wanda aka bari a waje bai damu da nufinka ba.

Shekarar 1990 ta zo da tashin hankali biyu, kuma talauci ɗaya ne ya haife su. Ranar 9 ga Fabrairu ɗalibai suka fito a Yamai suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu, aka harbe uku a gadar Kennedy. Ƙungiyar ɗalibai da ta ƙwadago suka haɗa kai, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991 da ya kawo jam'iyyu da yawa. A watan Mayu kuma aka yi rikicin Cintabaradan, inda sojoji suka kashe Abzinawa farar hula bayan wani hari, yawancin masu ƙorafin kuwa samarin nan ne da suka dawo daga Aljeriya da Libiya suka tarar ba a cika musu alkawarin taimako ba. Na kudu suka bi titi da kwalaye, na arewa suka hau dutse da bindiga.

Abin da masu bincike suka nuna, wanda mu da ke kan hanya ba mu lura da shi ba a lokacin, shi ne yadda harkar baƙi ta zama tsani ga tawayen. Motocin daji da sanin hanya suna hannun mutanen kamfanonin. Hoton da aka yi shekaru ana sayar wa Turawa, na jarumi mai rawani a kan raƙumi, ya juye ya zama goyon baya a jaridun Faransa. Mano Dayak ya fitar da littafi a can a 1992 yana kai kukan mutanensa, ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen. Rhissa Ag Boula, wanda ya jagoranci babbar ƙungiyar ƴan tawaye, a kamfanin Temet ya yi aiki kafin nan. Mu dai abin da muka gani shi ne hanya ta lalace. Ba a tafiya sai an tara motoci an sa rakiyar soja, kaya su kwana su wuni a tasha, direba ya ƙara kuɗin haya saboda kasada. Yaƙin da ya ɓarke a Aljeriya a 1992 ya rufe ƙofar masu Fijo, ba su sake dawowa kamar da ba.

Ana cikin haka sefa ta faɗi. A watan Agusta na 1993 bankunan da ke buga ta suka daina karɓar takardun sefa da aka fitar wajen ƙasashen da ke amfani da ita, abin da ƴan canjin Wapa suka ji a jikinsu nan take. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka raba darajarta biyu: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Wanda ya kwana da bashin kayan waje ya tashi bashin ya ninka. Masu fitar da dabbobi da wake da albasa sun ɗan sami sauƙi. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne baƙon da zai zo da kuɗin Turai, don komai ya zame masa rabin kuɗi, sai dai a lokacin babu baƙon.

An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995. Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin Disamba na shekarar, sunansa ne filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi yau. Rhissa Ag Boula ya zama ministan yawon buɗe ido a 1997, ya yi shekaru a kan kujerar. Tsofaffin ƴan tawaye da dama suka ajiye bindiga suka ɗauki sitiyari. Jirage suka fara sauka daga Faransa kai tsaye, kamfanoni suka yawaita, aka raya bukukuwa irin na shan gishirin dabbobi a Ingal da na Iferwan. Baƙin da suka ji daɗin tafiya sukan koma gida su kafa ƙananan ƙungiyoyin agaji, su aiko da kuɗin rijiya ko na aji, sai dai taimakon yakan bi ƙauyen direban da suka saba da shi ne, ba lallai inda aka fi buƙata ba. An kuma yi kukan yara sun koyi roƙo, ana tsince kayan tarihi daga hamada ana sayarwa.

Ba kowa ne ya yi maraba da irin wannan buɗe ƙofa ba. Bikin nuna tufafi da Alphadi ya fara shiryawa a 1998 a kusa da Agadas ya wuce lafiya a cikin hamada, amma da aka kawo shi Yamai a Nuwamban 2000, ƙungiyoyin addini suka fito zanga-zanga, a Maraɗi har aka ƙona wurare. Barbara Cooper, Ba'amurkiyar da ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta bi diddigin rikicin, ta nuna cewa fushin da aka ce na baƙi ne, a kan matan garin marasa aure da galihu ya fi sauka. Shekara biyar bayan haka, yayin da Yamai ke gyare-gyaren karɓar baƙin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta. Haɗin gwiwar ƙungiyoyin farar hula ƙarƙashin Nuhu Arzika ya kira gangami a watan Maris na 2005, aka bi da zaman gida, aka kama shugabannin, kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Wannan karon ba a ba mu labari ba, don ƙofofin shagunanmu ne suka kasance a rufe, kuma rufewar kasuwa ce ta sa aka san abin ya yi nisa. Vincent Bonnecase, wanda ya yi nazarin fushin tsadar rayuwa a Nijar, ya ce ba tsadar kaɗai ke tayar da mutane ba, har da tunawa da zamanin Kunce, lokacin da ake ganin hukuma na tsayawa a kan farashi. Ɗan kasuwa ya san zamanin nan yana da nasa ɗacin.

Mu koma arewa. A watan Fabrairun 2007 wata sabuwar ƙungiyar tawaye, MNJ, ta kai hari Iferwan, tana neman kason yankin daga kuɗin yuraniyom. Shugabanta Aghali Alambo shi ma tsohon mai harkar baƙi ne. Aka binne nakiyoyi a hanyoyi, gwamnatin Tandja ta sa dokar ta-ɓaci a jihar, baƙi suka ɗauke ƙafa. An sasanta a 2009, amma kafin kasuwa ta farfaɗo, a watan Satumban 2010 masu iƙirarin jihadi suka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga ciki Faransawa. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirarta, kamfanonin tafiye-tafiye suka cire Agadas daga lissafi. Tseren Dakar ma ya riga ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka tun 2009. A watan Yunin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, wata guda bayan harin bam a barikin sojan garin. Lambar yabo ta iso babu mai zuwa kallo.

Direba bai manta hanya ba, mota kuma tana nan. Abin da ya canza shi ne fasinja. Julien Brachet ya riga ya rubuta tun 2009 cewa jigilar masu tafiya Libiya tsohuwar sana'a ce a Agadas, a fili ake yinta, da tasha da dillalai da kuɗin da ake biya a kowane shinge, kuma yawancin matafiyan aiki suke nema a Libiya da Aljeriya, ba Turai ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 harkar ta bunƙasa. Duk Litinin motocin Hilux su yi jerin gwano su nufi Dirku da rakiyar soja, kowace da mutum sama da ashirin. Masu gidajen saukar baƙi, da mata masu abinci, da masu sayar da jarka da tabarau da rawani, da masu tura kuɗi, kowa ya samu. Mu ma mun samu, don jarkar da taliyar ta hannunmu suke bi. Amma kada mu yi wa sana'ar kwalliya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace, yawanci mata da yara ne daga yankin Kance, ƴan'uwanmu na jihar Damagaram da ke tafiya Aljeriya neman abinci. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta ja wasu dubban matasa da motoci, har gwamnati ta rufe wurin a 2017.

A watan Mayun 2015 majalisa ta zartar da doka mai lamba 2015-36, wadda ta mai da jigilar baƙin haure laifi, aka fara aiki da ita sosai a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai da kuɗinta. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge su a bariki rana na dukansu. An yi alkawarin ba tsofaffin masu sana'ar jari su kama wata, dubbai suka ba da suna, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko, sauran suka kafa ƙungiya suna bin haƙƙinsu. Masu bincike sun nuna tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta bar babbar hanya ta koma ɓarauniya, nesa da rijiyoyi, kuɗin mota ya ƙaru, haɗari ya ƙaru. Brachet ya ce dokar ce da kanta ta ƙirƙiro masu fasa-ƙwaurin da ta ce za ta yaƙa. Abin da ya fi shafarmu shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza. Bayan dokar, ɗan Nijeriya ko ɗan Gana da ya wuce Agadas ya nufi arewa ya zama abin tuhuma, ko da kaya ya je saye, kuma tambaya a shinge mun san da me take ƙarewa.

Gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, jerin gwanon motoci ya dawo fili. A daidai lokacin kuma iyakar kudu ce a rufe, saboda takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin watan Yuli, kuma Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai cikin Maris na 2024. Wato ƙofar arewa ta buɗe ranar da ta Jibiya da ta Maigatari ke garƙame. Ma'adinin Cominak ya tsaya tun 2021. Maƙeran da suka yi suna a zamanin baƙi yanzu suna bin kasuwa ne zuwa Yamai da manyan biranen bakin teku, ko su aika kaya ta hannun tsohon aboki a Turai. Abin da ya fi cika motocin da ke gangarowa daga Abzin a yau shi ne albasar lambunan Tabelot da maƙwabtanta, wadda ke tafiya har Gana da Kodebuwa, sai dankalin Turawa da tafarnuwa, da lemun Timiya in sanyi ya shigo.